Jimina, barewa da ɗawisu a shinge ɗaya: me ke kashe wasu ya bar wasu?

"Assalamu alaikum, Likita. Ina da fili a bayan garin Argungu, kusa da fadama, da nake so in mayar wurin shaƙatawa inda yara za su riƙa zuwa kallon dabbobi, musamman da Sallah. Yanzu ina da jimina biyu, mace da namiji, da barewa biyar, da manyan kunkuru uku, da ɗawisu, da zabbi da kaji, da 'yan tumaki da awaki. Akwai jan biri biyu a keji, da wani ƙaramin kada a kwatami. Saboda tsadar waya sai na haɗa su duka a shinge ɗaya, ban da birai da kada. Wata huɗu ba abin da ya faru. Kwanan nan muka wayi gari ɗan barewa ya mutu, ba rauni ko ɗaya a jikinsa. Ɗawisu biyu kuma suka yi ta zawo ruwan ɗorawa har suka mutu, alhali kajin lafiyarsu ƙalau. Yaran da ke kula da su sun ce baki ne. Ni kuma ina gani a bidiyo Turawa suna haɗa dabbobi iri-iri wuri ɗaya ba matsala. Ina kuskuren yake? Kuma zan iya sakin biran cikin sauran?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar maka da alheri, ya kuma sanya albarka a wannan niyya, domin yara da yawa a yankinmu sun girma ba su taɓa ganin barewa ido da ido ba. Tambayarka, in na fahimce ta daidai, ta rabu uku: me ya kashe ɗan barewar, me ya kashe ɗawisu ya bar kaji, sannan ko haɗa dabbobi daban-daban a shinge ɗaya abu ne da ake yi ko kuwa ganganci ne. Zan fara da ta ƙarshen, don sauran biyun daga cikinta suka fito.

Abin da bidiyo ba ya nunawa

Ana yi, kuma yana da amfaninsa. Filin da za a yanka ƙanana-ƙanana idan aka bar shi a buɗe, kowace dabba ta sami wurin tafiya, mai kallo kuma ya ga abu mai kama da daji. Amma yawancin abin da kake gani a bidiyon nan dabara ce ta gini. Wani Bajamushe mai cinikin namun daji, Carl Hagenbeck, shi ya shahara da ita a gidan dabbobin da ya buɗe a Hamburg a 1907. Ya jera wurare bayan juna, tsuntsayen ruwa a gaba, masu kofato a tsakiya, zakuna a baya kan duwatsu, sannan ya haƙa ramuka masu zurfi a tsakaninsu ta yadda wanda ke tsaye a bakin shinge ba zai hango ramin ba. Ido yana ganin zaki da jakin dawa wuri ɗaya, alhali ba mai iya isa ga wani. Har yau da wannan dabara ake aiki. Inda kuma aka haɗa su da gaske, akwai ɗakunan kwana a baya da ake raba su kowace yamma, kowa da abincinsa, akwai likita, akwai ma'aikacin da aikinsa kawai ya tsaya ya sa ido. Mai ɗaukar bidiyo ba ya zagayawa can.

A daji kuma, abin da ke sa barewa da jimina su yi kiwo a sarari ɗaya ba shiri ba ne, tazara ce. Kowace dabba tana da iyakar kusancin da take jurewa. Idan aka ƙetare ta sai ta matsa gaba, shi ke nan magana ta ƙare. Uwa idan za ta haihu sai ta ware ta yi nisa. Namijin da aka fi ƙarfi sai ya bar yankin. Garke idan ya cinye ciyawar wuri ya ɓata shi da kashi sai ya tashi, kafin ya dawo rana ta kashe ƙwayayen tsutsar da ya bari. Waya tana hana duk waɗannan a lokaci guda. Shi ya sa idan aka kira ni duba irin wannan wuri ba na fara tambayar ko dabbobin suna faɗa. Ina tambaya ne: idan aka kori mai rauni, ina yake zuwa? Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, to wanda aka saɓa wa a cikin waya ba shi da ƙofar fita.

Wata huɗun nan da ka yi lafiya kuwa kada su ruɗe ka. Kusan duk haɗin da na ga ya lalace, da lumana ya fara. Dabba baƙuwa ce a sabon wuri, tana ɗari-ɗari, ba ta riƙe ko'ina a matsayin nata ba. Sai an zauna an saba, namiji ya balaga, lokacin barbara ya zo, ko an yi haihuwa, sannan halin kowa ya fito. Ba a cewa haɗi ya yi kyau sai ya zagaye shekara, ya wuce damina da hunturu da bazara, ya kuma wuce haihuwa.

Ɗan barewar

Ka ce ba rauni a jikinsa. Da an feɗe shi, mai yiwuwa da labarin ya canza. Namijin jimina yakan haura kilo 100, barewa babba ba ta wuce kilo 30 ba, ɗanta kuwa ɗan mitsitsi ne. Jimina gaba take shuri, ba baya irin na jaki ba, da ƙafa mai yatsu biyu da farce mai kauri a babban yatsan. Shuri ɗaya a haƙarƙari ya isa ya fasa hanta ko saifa, jini ya zuba a ciki, fata kuma ta zauna sumul. Sai ka ɗaye fatar za ka ga taruwar jini baƙi ƙirin a ƙarƙashinta. Duba namijin naka: idan wuyansa da cinyoyinsa sun ƙara ja, yana kumbura wuya yana wani gurnani mai zurfi da asuba, yana durƙusawa yana kaɗa fukafukai hagu da dama, to ya shiga lokacinsa. Daga nan har a gama kwancin ƙwai, wanda ke ɗaukar wajen kwana 42, duk abin da ya gifta kusa da ramin ƙwan abokin gaba ne. Namijin ne ma ke kwanci da dare, macen da rana. Kuma ba barewa kaɗai ke cikin haɗari ba, har yaran da ke shiga shara.

Akwai kuma mutuwar da ba a taɓa dabba ba ko kaɗan, tsoro da gudu ne kawai. Barewa idan aka yi ta korarta ba hutu, musamman da zafi, naman cinyoyinta yana lalacewa, gubar da ke fita daga ciki ta toshe ƙoda, zuciya ta gaza. Wani lokaci a take take faɗuwa, wani lokaci sai bayan kwana biyu ko uku, ka gan ta tana tafiya a sandare, fitsarinta ya yi duhu. Wannan ciwo shi ne babban abin da masu kama namun daji ke tsoro a ko'ina a duniya, kuma idan ya kama ba kasafai magani ke yin tasiri ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, 'yan mintoci na kora sun isa. Mai korar ba lallai jimina ba ce. Karnukan unguwa da ke zagaya waya da dare suna yi, haka yaran da ke kaɗa su don baƙi su ga gudunsu.

Na uku ya fi sauran ɓoyuwa. Barewa ba ta yawo da jaririnta a makonnin farko. Takan kwantar da shi cikin ciyawa ko gindin wani kurmi, ta yi nisa, ta dawo lokaci-lokaci ta shayar da shi. Shi kuma ya lafe ko motsi ba ya yi, wannan ce kariyarsa. To a shingen da tumaki da awaki suka share ƙasa tas, ina zai lafe? Ko a taka shi, ko uwar ta ƙi zuwa saboda kullum akwai wani a tsaye a kansa, ya kwana biyu ba nono. Irin wannan idan aka buɗe cikinsa za a tarar ba ɗigon madara. A wasu gidajen dabbobi na waje, angarman jakin dawa ne ya yi ƙaurin suna wajen kashe 'ya'yan barewa da danginta, har ya zama ƙa'ida a ware mai ciki kafin ta haihu, ba a mayar da ita sai ɗan ya yi ƙwari.

Kada mu manta da kunkurun. Mutane suna ɗaukarsa dutse mai numfashi, ba ruwansa da kowa. Babban kunkurun nan na Sahel shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, kuma mahaƙi ne na gaske: ramin da yake yi don gudun zafi yakan yi mita da yawa, ya bi ta ƙarƙashin waya ya ɓulla waje, ya buɗe wa kare hanya. Barewa mai gudu idan ta zurma ƙafa a bakin ramin, karaya ce, kuma karayar barewa ba ta cika ɗoruwa ba. Na taɓa tsayawa ina kallon namijin kunkuru ya nufi kwanon dusa, rago yana ci. Bai tsaya ba, bai kauce ba, ya sa gaban ƙoƙonsa ya yi ta turawa har ragon ya ja da baya, sannan ya hau cikin kwanon ya zauna a kan abincin yana ci. Da ɗan barewa ne kwance a hanyarsa, haka zai bi ta kansa.

Ɗawisu da kaji

Nan na fi samun ƙarfin gwiwar faɗin abin da nake zato, saboda alamun da ka ba ni sun yi daidai da cuta guda. Akwai wata ƙwayar cuta, histomonas, da ke zama a hanjin kaji. Tana shiga cikin ƙwan wata 'yar tsutsar hanji, ƙwan ya fita cikin kashi, ya zauna a ƙasa har shekaru yana jira, tsutsar ƙasa da ake kira tana ita ma takan haɗiye shi ta adana. Kaza tana ɗauke da ita tana yawonta, da wuya ta nuna komai. Amma idan talo-talo ko ɗawisu ya tsinci ƙwan, sai ya yi sanyi, ya saki fukafukai, ya daina ci, ya yi zawo ruwan ɗorawa, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Idan ka buɗe shi, hantar ce za ta ba ka amsa: za ka ga tabo zagaye-zagaye, tsakiyarsu ta lotsa, gefensu fari-fari, wasu rassan hanji biyu masu rufaffen ƙarshe kuma sun kumbura sun cika da wani abu mai tauri. Wanda ya gani sau ɗaya ba ya mantawa. Duk tsohon mai kiwon talo-talo ya san ba a haɗa 'ya'yansa da kaji, ko da bai san sunan abin da ke kashe su ba. Zabbi ma suna iya ɗaukar tsutsar, don haka ba su ne abokan zaman ɗawisu ba.

Ban raina maganar yaranka ba, amma kafin a kai ga baki a fara duba hanta. Abin da ya sa ake saurin kai zargi can shi ne yadda wasu ke mutuwa wasu na ƙiba a wuri ɗaya. Haka wannan matsala take a ko'ina: cutar da wani jinsi ya saba da ita tun kaka da kakanni, ita ce ajalin jinsin da bai taɓa haɗuwa da ita ba. Kunkuru da kada suna ɗauke da wata ƙwayar atuni a hanjinsu lafiya lau, amma idan maciji ko damo ya sha ruwa ɗaya da su sai ta hallaka shi. Tumaki, kusan dukkansu, suna ɗauke da ƙwayar cutar da likitoci ke kira MCF ba tare da alama ba. Idan ta faɗa wa saniya ko wasu namun daji masu kofato, sai zazzaɓi, majina, ido ya yi fari, kuma ba ta da magani. A 2010 a gidan dabbobin Wuppertal da ke Jamus, wata farar beyar ta yankin ƙanƙara ta mutu da ciwon ƙwaƙwalwa, bincike ya gano ƙwayar cutar asalinta ta jakin dawa ce, alhali ko shinge ba su haɗa ba. Idan haka ta faru da tazara a tsakani, ina ga masu shan ruwa a kwano ɗaya?

A naka filin, awaki da tumakin nan su ne suka fi tayar mini da hankali. Annobar PPR, wadda ke zuwa da majina da gyambon baki da tari da zawo, tana kama barewa, kuma tana kashe ta. Ta kan shigo ne ta akuya ɗaya da aka sayo a kasuwa, musamman gab da Sallah da dabbobi ke cakuɗuwa daga ko'ina. Akwai rigakafinta, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin sa, kuma duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kawar da cutar, kamar yadda aka kawar da cutar shanu ta bushiya a 2011. Yi wa awakinka, ko da ka raba su. Sai tsutsar ciki mai shan jini, wadda damina ke hayayyafa: iri ɗaya ce a tunkiya da akuya da barewa. Bambancin shi ne tunkiya za ka kama ta ka ɗura mata magani cikin minti ɗaya, barewa kuwa kamun da kansa yana iya kashe ta. Ke nan tumaki suna zuba ƙwai a ƙasa, wadda ba a iya yi wa magani tana kwasa. Tunda kuma kana bakin fadama, ƙara da ciwon hanta da ke biyowa ta katantanwar ruwa.

Fadamar tana da wani abin. Da rani tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna sauka a wuraren Gulbin Rima, kuma agwagwar daji takan ɗauki murar tsuntsaye ba ta nuna ba. Tun Fabrairun 2006 da aka fara tabbatar da nau'inta mai suna H5N1 a wata gona a jihar Kaduna, cutar ba ta daina dawowa ƙasar nan ba. Jimina tana kamuwa da ita. Buɗaɗɗen tafki a tsakiyar shinge yana da kyan gani, amma gayyata ce.

Ga wani gargaɗi da nake so ka karanta wa yaranka da babbar murya. Allurar ivermectin da kowa ke yi wa dabbobi don kaska da tsutsa, guba ce ga kunkuru, tana shanye masa jiki ta kashe shi. Kunkuru kuma yana ɗaukar kaska sosai, a hammata da gindin wutsiya. Saboda irin wannan kaska, mai iya yaɗa ciwon da ke tara ruwa a zuciyar dabbobi, Amurka ta hana shigo da wannan kunkuru ƙasarta a 2000. A cire masa da hannu, kada a yi masa allurar.

Kwano ɗaya

Ko babu faɗa babu cuta, abinci kaɗai ya isa ya lalata haɗin. Dabbobinka cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Barewa mai tsince-tsince ce: ganye, ɗanyar ciyawa, 'ya'yan gawo da na bagaruwa, harawar wake. Idan ta sami masara ko abincin kaji ta cika ciki, tumbinta yana yin tsami, ta yi zawo, kofatonta ya yi zafi ya yi tsawo ya lanƙwashe. Kunkuru ciyawa yake so, busasshiya ma, idan ya saba da abincin kaji sai ƙoƙonsa ya yi tudu-tudu, ƙodarsa ta wahala. Gishirin lasa da aka haɗa don shanu yana da sinadarin jan ƙarfe da yawa, tunkiya kuma tara shi take yi a hanta har ya kashe ta. Wasu abincin kaji na buhu suna da maganin kashin jini irin su monensin, wanda kaza ke ci lafiya, amma ɗan kaɗan ya isa ya kashe doki, yana kuma yi wa raƙumi da jimina illa. Na faɗi wannan ne saboda na san masu irin wurinka sukan kawo doki ko raƙumi don hawan yara da Sallah.

Sannan a kwano ɗaya mai ƙarfi ne ke ci. Je ka tsaya da kanka lokacin da ake zuba abinci, kada ka aika. Za ka ga jimina da raguna a kan kwano, barewa can nesa suna kallo, sai an watse su zo su lashi ƙasa. Mai gida yana ganin buhu yana ƙarewa, ya ɗauka kowa ya ƙoshi. Ka kuma bi gefen wayar da ƙafa: idan ka ga wata 'yar siririyar hanya ta fito a jikin shingen, ƙasa ta daddale ba ciyawa, wata dabba ce ke sintiri a nan dare da rana tana neman mafita.

Birai da kada

A'a, kada ka saki biran. Jan biri a ƙasa yake rayuwa, kuma babu birin da ya kai shi gudu. Zai kwashe ƙwai, ya kama 'yan tsaki, ya fige wa ɗawisu wutsiya don wasa, waya mai tsayin barewa kuma a wurinsa tsani ce. Cututtukan mutane irin su tarin fuka da ƙyanda suna kama shi, nasa ma suna kama mu, ga cizo a wurin da yara ke taruwa. Abin da suke bukata keji ne mai faɗi, da inuwa da wurin hawa.

Kada kuwa, mutumin Argungu ba ya bukatar in koya masa halinsa. Abu ɗaya kawai zan ƙara: da hunturu jikinsa yana yin sanyi, cinsa ya ragu, ya yi makonni agwagwa na wucewa ta gabansa bai kula ba, sai a ce ya saba. Bazara na shigowa za a fara ƙirga agwagi ana samun giɓi. Kwataminsa ya zama da katanga tasa, kuma ruwan da ake zubarwa daga ciki kada ya bi ta wurin wasu.

Yadda zan raba filin da nawa ne

Kaji su fita gaba ɗaya, ba wanda zai biya kuɗin shiga don ya kalli kaza. Tumaki da awaki su koma can ƙarshen fili, da kwanonsu da tsintsiyarsu da shebur ɗinsu, kuma mai shara ya fara da wurin namun daji kafin ya je nasu, ba akasin haka ba. Ɗawisu a mayar da su sabuwar ƙasa wadda kaji ba su taɓa zama a kai ba, mai yashi, wadda ruwa ba ya kwanciya, a kuma ba su maganin tsutsa bisa shawarar likita. Jimina su sami nasu shinge mai tsawo, don suna bukatar gudu, tsayinsa wajen mita biyu, a bar ɗan sarari a ƙasan wayar wanda mutum zai iya mirginawa ya fita idan namijin ya taso masa. Bayan an gama aikin waya a tsince duk guntun ƙarfe da ƙusa da leda, domin jimina ba abin da ba ta haɗiya. Kunkuru shi ne mafi arha: gajeriyar katangar bulo da ba ya iya hangen bayanta, amma tushenta ya nutse cikin ƙasa sosai.

Barewa su ɗauki wuri mafi girma da mafi inuwa, kuma da zabbi za su iya zama. A nan ne ya kamata kuɗin ya tafi. Kada shingen ya kasance da lungu mai tsini inda za a ritsa dabba, a lanƙwasa kowace kusurwa. Rumfa ta zama da ƙofa biyu. A ɗaura zana a jikin wayar, saboda barewa idan ta firgita ba ta ganin waya, da gudu take dukanta ta karya wuya. A bar kurmi da doguwar ciyawa a wasu wurare, a dasa 'yan guntayen zana a tsakiya, domin dabbar da ta ɓace wa mai korarta daga gani sau da yawa korar ta ƙare. Kwanon abinci da na ruwa su zama da yawa, nesa da juna, yadda ɗaya ba zai tsare duka ba. Ka kuma duba cikin biyar ɗin: idan manyan maza sun kai biyu, su ma sai an raba su. Namijin da aka raina da bulumboti ya fi kowa haɗari, don ba ya tsoron mutum, kuma ƙahonsa daidai cikin yaro yake.

Maganar tsadar waya gaskiya ce, amma ba duk rabuwa ce ke bukatar waya ba. Ginin laka da zana da itace suna yi, wani wurin ma sun fi, tunda suna tare gani. Idan ka jera wuraren bayan juna, kunkuru a gaba da gajeriyar katanga, barewa a tsakiya, jimina a baya, mai kallo zai gan su duka a kallo ɗaya, kamar dai abin da ka gani a bidiyo.

Idan nan gaba ka so gwada jimina da barewa tare, ana iya yi da mata ko waɗanda ba su balaga ba, a fili mai faɗi, da wani ɓangare da aka gitta wa sanda a ƙasa-ƙasa yadda barewa za ta sunkuya ta wuce jimina ta kasa. Barewa su riga shiga su san lungu da saƙo, sannan a yi makonni suna ganin juna ta waya, sannan a buɗe da sanyin safiya, ranar da kowa yana nan, ba ranar Sallah ba, ba kuma cikin bazara ba. Duk sabuwar dabba a killace ta aƙalla kwana 30 kafin ta kusanci sauran. Ka kuma je sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli ta jiha ka daidaita takardunka, domin dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta shafi irin waɗannan dabbobi. Sayen 'ya'yan barewa daga hannun mafarauta kuwa ina roƙonka ka bari, galibi sai an harbe uwar ake samun ɗan.

Duk abin da na faɗa kan mutuwar nan uku daga bayaninka na gina shi, ba daga gawa ba, kuma alamu sukan yi kama da juna. Tabbaci sai an buɗe an gani. Idan wata ta sake mutuwa, Allah ya kiyaye, kada a jefar, kada a ba kada. A sa ta a leda da ƙanƙara a gefe, ba a daskarar da ita ba, a kai wa likitan dabbobi a ranar, domin da zafinmu gawa ba ta kwana ta ba da amsa. Asibitin koyarwa na likitan dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ba shi da nisa da kai, a haɗa da ɗanyen kashin barewa da na tumaki a kwalabe daban-daban a auna tsutsa. Sai dai idan dabba ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini yana fita ta hanci ko dubura bai daskare ba, wannan kada kowa ya sa mata wuƙa. Alamar cutar antiraks ce, wadda aka tabbatar a Suleja a 2023 da kuma Zamfara a farkon 2025, kuma tana kama mutum. A rufe gawar, a hana yara da karnuka zuwa wurin, a kira jami'in lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma.